Ɗakin tsare mutane a ginin wucin gadi: me za a iya ragewa, me ba a taɓawa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni magini ne a Daura, na yi difloma a fannin gine-gine. Mutanen wata unguwa a bayan gari sun yi karo-karo za su gina wa 'yan sanda ƙaramin ofis saboda matsalar tsaro, sun kuma ba ni aikin. A cikin ginin akwai ɗakin tsare waɗanda aka kama. Da na zana shi da tagogi biyu da makewayi a ciki, sai shugaban kwamiti ya ce in cire, wai ginin na wucin gadi ne kafin gwamnati ta yi nata, kuma wanda aka kama kwana ɗaya ko biyu zai yi, ba otal ya zo ba. Gaskiya kuɗin ma da kyar aka tara su. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin abin wucin gadi yana da wani ma'aunin inganci? Kuma akwai alhaki a kaina idan na gina yadda suka ce?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa albarka a hannunka. Magana biyu shugaban kwamitinku ya haɗa wuri ɗaya. Ta farko, ginin ba zai daɗe ba. Ta biyu, wanda za a kulle a ciki shi ma ba zai daɗe ba. Daga nan ya yanke cewa taga da makewayi almubazzaranci ne. Kai kuma kana son sanin ko ƙarancin kwana yana sauke wa gini nauyin inganci, yana kuma sauke wa magini nauyin alhaki. A wurina bai sauke ko ɗaya ba. Wucin gadi ya ba ka damar rage kuɗin da ake kashewa don gini ya yi shekara 50 a tsaye, amma bai ba ka damar rage abin da jikin ɗan Adam yake buƙata don ya kai safiya lafiya ba. Kuma duk lokacin da mazaunin ɗaki ya rasa ikon buɗe ƙofa ya fita, nauyin da ke kan wanda ya zana ɗakin ƙaruwa yake yi.

Ba na zargin shugaban kwamitin da mugunta. Mutanen da ɓarayi suka hana barci har suka zuba kuɗin aljihunsu don gina wa hukuma ofis, abin yabo suka yi, kuma dole su ƙirga kowane buhun siminti. Sai dai lissafinsa ya dogara a kan zato biyu, kuma dukansu ba su cika tabbata ba.

Zato na farko: wai ginin ba zai daɗe ba

Duk wanda ya jima a wannan sana'a ya san ginin da aka ce na wucin gadi ne ya fi kowane gini taurin kai. An buɗe sansanonin 'yan gudun hijira na Dadaab a Kenya a farkon shekarun 1990 don mutanen Somaliya su fake kafin yaƙi ya lafa. Yau akwai waɗanda aka haifa a can, suka yi aure a can, suka haifi nasu 'ya'yan a can. A Birtaniya, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta kakkafa ƙananan gidaje sama da 150,000 da aka ƙera a masana'anta, da niyyar su yi kamar shekara 10. Wasu daga cikinsu sun haura shekara 60 da mutane a ciki. A nan gida, sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri ya karɓi mutane tun 2014, ba a rufe shi ba sai ƙarshen 2021. Yaron da ya shiga da shekara 6 ya fita yana saurayi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da zarar an rufa wa wata buƙata asiri, ko da rabi ne, sai matsin da ke kan hukuma ya ragu. Mai raba kasafin kuɗi idan ya duba ya ga unguwarku tana da ofis, wata unguwar kuma ba ta da ko rumfa, can zai kai kuɗin, kuma ba za ka ce ya yi rashin adalci ba. Kwamitin da ya tara kuɗin zai watse, shugaban zai koma harkokinsa, ginin kuma zai zauna ba shi da uban da zai gyara shi. An sha kira na in duba azuzuwan langa-langa da aka kafa bayan iska ta yaye rufin makaranta, da sunan zango ɗaya za a yi a ciki. Sai in tarar yaran da suka fara aji ɗaya a cikinsu sun kusa gama firamare, ginshiƙan katako gara ta cinye, malami yana koyarwa yana share gumi da hula. Saboda haka idan aka ce mini gini na wucin gadi ne, tambaya uku nake yi kafin in ɗauki fensir: yaushe ne ranar ƙarshensa, wa ya ɗauki alkawarin maye gurbinsa, kuma me za a yi da shi bayan nan? Idan babu amsa a rubuce, to gini ne na dindindin da ake son a yi da kuɗin wucin gadi, kuma da wannan idon nake zana shi.

Wannan ba ya nufin abin wucin gadi ba ya yin kyau. Dubi bukkar da matan Fulani suke kafawa a ruga. Kara ne da ciyawa da tabarma, za a tashi a bar ta ko a kwance ta idan kiwo ya yi nisa, amma an san inda ƙofarta za ta fuskanta don kauce wa hadarin gabas, an san yadda ruwa zai zurara a bayanta, an ɗaga gado daga ƙasa. Sauƙinta a kayan aiki yake, bai taɓa lafiyar mai kwana a ciki ba. Ko ka dubi Mina. Kwanaki kaɗan alhazai suke yi a can a shekara, babu wurin da ya fi shi zama na wucin gadi. A watan Afrilun 1997 gobara ta tashi a cikin tantunan yadi, mutane fiye da 300 suka rasu. Bayan nan hukumomin Saudiyya suka maye gurbinsu da tantunan da aka saƙa da zaren gilashi, aka shafe su da sinadarin da wuta ba ta saurin kamawa, aka tsara hanyoyi tsakaninsu, aka sa na'urorin sanyaya ɗaki da bututun ruwan kashe gobara. Babu wanda ya ce ai kwana uku ne kawai. An riga an ga abin da yini ɗaya yake iya yi.

Akwai wani mai zanen gine-gine ɗan Japan, Shigeru Ban, wanda ya samu Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2014, kuma yawancin sunansa a irin wannan aiki ya yi shi. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, an tara iyalai a manyan ɗakunan wasanni na makarantu, kowa yana kallon kowa. Shi da ɗalibansa suka riƙa haɗa bututun takarda mai kauri suna rataya labule, kowane iyali ya samu ɗan sashensa. Abin da ya gani shi ne mutum yana buƙatar sutura kamar yadda yake buƙatar rufi. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ga 'yan'uwanmu da rikicin 'yan bindiga ya koro daga ƙauyukan Batsari ko Jibiya an sauke su a azuzuwan firamare, mata da surukai da 'yan mata a fili ɗaya. Zana da igiya ba su kai kuɗin komai ba, sai dai ba a cika samun wanda ya yi tunaninsu ba. Ƙungiyoyin agaji na duniya ma sun daɗe da ajiye wa kansu ma'auni a ƙarƙashin shirin da ake kira Sphere: kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 na wurin zama mai rufi, da lita 15 na ruwa a rana, kuma kada mutum fiye da 20 su haɗu a kan makewayi ɗaya. To ka ga amsar tambayarka ta farko: ma'auni akwai shi, har ga tanti.

Zato na biyu: wai kwana ɗaya ne ko biyu

A takarda gaskiya ne. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu, ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace. Amma kai ma ka san yadda abin yake. Wanda aka kama da yammacin Juma'a sai Litinin. Idan hutun Salla ya biyo baya, sai abin da hali ya yi. Wani ba shi da mai tsaya masa beli, wani bincike bai ƙare ba, wani babu motar kai shi. A gidajen gyaran hali na ƙasar nan, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke ciki masu jiran shari'a ne, waɗanda su ma zamansu na wucin gadi ne a idon doka, amma wasunsu sun shekara da shekaru.

Ko ma a ce kwana ɗayan ne, mu tsaya mu ga wane irin kwana ne. Ɗan kasuwar da ke rumfar kwano idan zafi ya dame shi, tashi zai yi ya koma gindin darbejiya. Yaron da ke ajin langa-langa ƙarfe biyu zai tafi gida. Wanda aka kulle ba shi da wannan zaɓi. Ba zai buɗe taga ba, ba zai nemi inuwa ba, ba zai fita ya kama ruwa ba. Iskar da ka bar masa ita ce iskarsa, hasken da ka bar masa shi ne haskensa. Idan ka hana shi makewayi, ka yanke masa hukuncin yin bahaya a bokiti a gaban mutane, ya kwana kusa da shi, ya yi salla kusa da shi, alhali alƙali bai ga fuskarsa ba tukuna. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, sashe na 34 kuma ya hana wulaƙanta mutum. A cikin waɗanda za su kwana a ɗakin nan akwai ɓarawo na gaske, akwai wanda aka yi wa ƙazafi, akwai ɗan acaɓan da aka kwaso a samame, akwai wanda rigimar gona ta kawo, akwai mai ciwon suga da mai hawan jini. Wata rana ma ɗan ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ne. Ɗaki ba ya tantance su.

Fannin shari'ar Musulunci na malamai ne, amma abin da kowa ya ji a karatu ya isa ya tsorata magini. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim game da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid cewa a ciyar da mutanen kurkuku daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne, duk wanda ya karɓe wa wani ikon kula da kansa, ya ɗora wa kansa wannan kulawar. Kai ba kai ne mai tsarewa ba, amma rabin kulawar nan a hannunka za ta fito, domin bango ne da rufi.

Abin da ma'auni ya ce, da abin da yanayin Daura ya ƙara

A watan Disamban 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da aka sa wa sunan Nelson Mandela, waɗanda asalinsu tun 1955 ne. Sun ce wurin kwana ya dace da lafiya, a yi la'akari da yanayin ƙasa, da yawan iskar da ke cikin ɗaki, da faɗin daɓe, da haske. Sun ce taga ta isa mutum ya yi karatu da hasken rana, ta kuma shigo da iska ko da akwai na'ura. Sun ce a samu makewayin da mutum zai biya buƙatarsa a lokacin da ta taso, cikin tsabta da mutunci, a kuma raba mata da maza, yara da manya. Ba su yanke adadin mita ba, amma ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ba da shawarar murabba'in mita 5.4 ga ɗakin mutum ɗaya, da 3.4 ga kowane mutum a ɗakin haɗaka, kuma faɗin tagogi da sauran kafofin iska kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓe. Yi lissafin da kanka. Ɗaki mai mita 3 a kowane ɓangare murabba'in mita 9 ne, wato na mutum biyu ne, na uku ya yi yawa. Mai mita 4 da 4.5 ya ba da 18, na mutum biyar, kuma yana buƙatar kafofin iska da suka kai murabba'in mita 1.8. Na san an saba ganin mutum goma sha a ɗakin mutum biyu. Sabo bai mayar da shi daidai ba.

Mu kuma a nan babban abokin gabarmu zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a Daura da Katsina. Jikin mutum ɗaya a zaune yana fitar da zafi kusan na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, to ƙaddara ka kunna goma a ɗakin da babu taga, a ƙarƙashin kwano, ka rufe ƙofa. Haka ake samun wanda ya shiga da ƙafarsa a fito da shi a sume. Ga kuma lokacin ne na sanƙarau, kuma tarin fuka ba abin da yake so kamar ɗaki mai cunkoso da iska ba ta ratsawa. Cutar da aka ɗauka a ɗakin nan ba ta tsayawa a ciki: ɗan sandan da ke bakin ƙofa zai kai ta gidansa, wanda aka saki zai kai ta unguwa.

Saboda haka tagogi biyun da ka zana, daidai ka yi, amma ka lura da inda ka sa su. Su kasance a bango biyu masu fuskantar juna domin iska ta shiga ta fita. Taga ɗaya komai girmanta ba ta wanke ɗaki. Ka fifita arewa da kudu, domin bangon gabas da na yamma su ne rana take duka safe da yamma, kuma ta gabas hadari yake tasowa. Magabatanmu da suke ƙara wa bangon gabas makuba sun san abin da suke yi. Iska mai zafi sama take hawa, don haka ka bar mata mafita can kusa da rufi, ka kuma bar mashiga ƙasa-ƙasa, ko da ta jikin ƙofa ce. Ka ɗaga ɗakin ya kai mita 3 ko fiye, yadda tsofaffin soraye suke. Tsaro zai tilasta maka zuba kankare a sama, amma kankaren da rana ta gasa tun safe, da dare yake amayar da zafinsa a kan masu barci. Maganinsa shi ne a ɗora rufin kwano a bisansa, a bar tazara a tsakani iska tana wucewa, kwanon kuma ya zarce bango ya yi masa inuwa.

Akwai abin da matasan magina ba su cika sani ba, kuma ina so ka riƙe shi da kyau. Awannin farko na tsarewa su ne lokacin da kunya da firgici suka fi yi wa mutum nauyi, kuma a lokacin ne aka fi jin tsoron ya cutar da kansa. Kada ka bar ƙugiya, ko ƙusa, ko bututu a fili, ko sandar ƙarfen da hannu zai kai a ɗaura wani abu. Rodin taga ya yi sama, a rufe shi ta ciki da farantin ƙarfe mai ƙananan huji, ta waje kuma da ragar sauro. Wayar lantarki ta bi cikin bango, makunni ya kasance a waje. Ƙofa ta buɗe zuwa waje, domin idan mutum ya faɗi a bayanta kada jikinsa ya tokare ta. Ta kuma fuskanci inda mai gadi yake zaune, yadda zai ji kira, ya ga ciki, ya iso da makulli cikin sauri idan wuta ta tashi. Ɗakin da aka tura can ƙuryar gini, inda babu mai ji babu mai gani, shi ne wanda ɓarna take faruwa a cikinsa.

Makewayi kuma ba wani abin tsada ba ne: na tsuguno, da ɗan bango mai kai wa ƙugu ko ƙirji don sutura, da famfo ɗaya da zai isa tsarki da alwala, ruwan yana zuwa daga tanki a waje. Daɓe ya ɗan karkata zuwa magudana don a iya wanke ɗakin, a yi dakalin siminti na kwanciya, a nesanta sokawe daga rijiya da aƙalla mita 30. Ka sa alamar alƙibla a bango. Fenti kaɗan ne. Sannan ɗaki ɗaya bai isa ba. Ranar da aka kamo mace ko yaro, ina za a sa su? Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya.

Yadda za ka koma wa kwamiti

Kada ka je musu da wa'azi kaɗai, ka je da lissafi. Fitar da kuɗin aikin iri biyu, da tagogi da makewayi, da kuma babu su, su ga tazarar da idonsu. A aikina na lura tazarar ba ta kai yadda ake tsoro, kuma sau da yawa ana iya cike ta daga wurin da ba ya cutar da kowa: a bar tayil a yi daɓen siminti, a bar silin na ado a ofishin shugaba, a jinkirta fentin waje da ƙatuwar ƙofar shiga. Waɗannan su ne abubuwan da wucin gadi ya halatta a rage. Ka kuma nuna musu cewa inganci tsaro ne. A watan Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar tsohon gidan yarin Suleja, fursunoni fiye da 100 suka tsere. A Satumban shekarar ambaliyar Maiduguri ta yi wa gidan yarin can haka, fiye da 200 suka fice. Harsashi mai kyau da magudanar ruwa suna kare na ciki, suna kare na waje.

Wata dabara ita ce ka zana ginin da tunanin rayuwarsa ta biyu. Idan da gaske gwamnati ta zo ta gina nata, me wannan zai zama? Ɗakin shan magani, ko ajin Islamiyya, ko ofishin mai unguwa. To ka zuba lintal (kankaren da ke tallafe bango a saman taga) na cikakkiyar taga tun yanzu, ka cike ƙasanta da bulo, gobe a fasa a sa taga ba tare da an taɓa ƙarfin bango ba. Makewayin da suke ganin asara ne, shi zai fi amfani a ranar. Mutane sun fi sakin kuɗi idan suka gane dukiyar unguwa suke ginawa.

Idan kuma da gaske kuɗin ba za su kai ba, akwai hanya ta uku da ba a cika kawowa ba: a gina ofis babu ɗakin tsarewa. A yi wurin zama a gaban kanta, wanda aka kama a ɗauki bayaninsa a wuce da shi babban caji ofis. Ƙaramin ofis ba dole ne ya kwana da mutum ba. Ko wanne aka zaɓa, kada a haƙa harsashi sai rundunar 'yan sanda ta ga zanen ta amince a rubuce, hukumar tsara birane ma ta sa hannu.

Inda nake tsayawa

Kyawun gini kaɗai ba ya wanke shi. Kurkukun Eastern State da aka buɗe a Filadelfiya ta Amurka a 1829 yana da ruwan famfo da ɗumama ɗaki tun kafin yawancin gidajen masu kuɗi su samu, amma an tsara shi ne don kowane fursuna ya zauna shi kaɗai ba ya magana da kowa, kuma kaɗaicin ya taɓa hankalin mutane har aka yi watsi da tsarin a 1913. Ƙa'idojin Mandela sun haramta keɓe mutum shi kaɗai awa 22 ko fiye a rana har sama da kwana 15 a jere. A Disamban 2020 babbar ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ta hana mambobinta zana ɗakin kisa da ɗakin azabtarwa. Mu ma ba sai mun je nesa ba. A watan Oktoban 2019 'yan sanda sun buɗe wasu gidaje a Daura da Katsina inda ake tsare da matasa da sunan gyaran tarbiyya, duniya ta ga halin da aka same su. Ɗakunan nan ba daga ƙasa suka tsiro ba, wani magini ne ya jera bulonsu, aka biya shi ya tafi.

Ni dai ba na gina ɗakin da aka nufa ya zama duhu, ba na dasa zoben ƙarfe a daɓe ko a bango don ɗaure mutum, ba na yin ɗakin ɓoye da ba ya cikin zane, kuma ba na gina wa 'yan banga ko wata ƙungiya ɗakin tsarewa, domin doka ta ce wanda ba hukuma ba idan ya kama mutum ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ma ta haramta wuraren tsarewa na asiri. Ɗaki marar taga da makewayi a zafin Daura ya matso kusa da wannan iyaka ƙwarai, kuma a ra'ayina wanda ya gina shi bayan ya san illarsa yana da kaso a abin da zai biyo baya.

Wasu abokan sana'a sukan ce gyara ɗakin tsarewa ƙarfafa tsarewar ne, domin duk ɗakin da aka gina sai an cika shi. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ban ce ka faɗaɗa ba. Gina ƙarami mai kyau, ka rubuta adadin mutanen da zai ɗauka da fenti a saman ƙofa. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba jami'ai ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 kuma ta tanadi majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Lambar da ke saman ƙofa takan ba mai ziyara abin da zai nuna da yatsa.

Iyakar abin da magini zai iya ke nan. Bulo ba ya gaggauta shari'a, ba ya ba da beli, ba ya hana a cusa mutum goma a ɗakin mutum biyu. Wannan aikin lauyoyi ne da alƙalai da shugabannin 'yan sanda, da kuma mutanen unguwa idan suka ci gaba da sa ido. Famfon da ka sa ma, idan babu mai cika tanki, cikin mako guda za a koma bokiti. Don haka kafin ka miƙa makulli, ka sa kwamitin ya rubuta wanda zai riƙa sayen ruwa, da wanda zai kwashe sokawe idan ya cika, su kuma ware wani abu daga karo-karon don wannan. Shawararka kan tagogi da makewayi ita ma ka ba su a rubuce, ka ajiye kwafi. Idan bayan duk wannan suka dage sai ɗakin duhu, ka gina musu ofis da baranda da katanga, ka gaya musu cikin ladabi cewa wannan ɗakin ba da hannunka ba.